Ƙarfin Zuciya Ga Masu Ɗauke Da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Jama'a, a sani cewa samun ƙwayar HIV a jini ba ƙarshen rayuwa ba ne. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya.

Ɗan kasuwa mai sayar da doya a Kasuwar Kure ta Minna, idan gwaji ya nuna yana da ita, babban tsoronsa shi ne masu ciniki su guje shi. Tsoron nan kan sa mutum ya ɓoye, ya daina karɓar magani, sai ƙwayar ta yawaita, jiki ya raunana.

Abu uku ke ƙarfafa zuciya. Na farko, shan magani kullum. Tun shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi kyauta. Na biyu, samun amini, ko shiga ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, wato NEPWHAN. Na uku, riƙe sana'a.

Maƙwabtan rumfa kuma su sani ba a ɗaukarta ta musafaha, ko karɓar kuɗi, ko cin tuwo a kwano ɗaya. Dokar shekarar 2014 ta haramta nuna musu bambanci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.