Fashin baƙi: Me ya sa miliyoyin Amurkawa ke biyan kuɗin sauraron rediyo alhali ga na kyauta?

A Amurka akwai tashoshin rediyo sama da 15,000 da ke watsa shirye-shirye a zangon AM da FM, kuma duk mai akwatin rediyo yana kama na yankinsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Duk da haka, kamfanin SiriusXM, mai watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan Adam, yana da masu rajista kimanin miliyan 33, mafi yawansu kuma suna biyan kuɗi ne duk wata daga aljihunsu. A shekarar 2024 kamfanin ya samu kuɗin shiga dala biliyan 8.7.

Tsari mafi girma da kamfanin ke sayarwa ya haura dala 20 a wata, wato fiye da dala 240 a shekara. Tambayar da ke biyo baya ita ce: mene ne mutum ke saya da wannan kuɗi, tunda ga rediyo nan a iska kyauta? Amsar ta danganta da yadda ƙasar take, da yadda mutanenta ke rayuwa a cikin mota, da kuma wanda ke ɗaukar nauyin rediyo tun asali.

Yadda yake aiki

Tashar FM ta dogara ne da doguwar hasumiya da ke ƙasa, kuma muryarta ba ta wuce 'yan gomman kilomitoci kafin ta fara shaƙewa. Matafiyi yakan rasa tasha ya nemi wata sau da dama a tafiya guda. Rediyon tauraron ɗan Adam kuwa, ana haɗa shirye-shiryensa ne a ɗakunan watsa labarai da ke biranen New York da Washington da wasu wurare, a harba su sama zuwa taurarin da ke nisan kimanin kilomita 36,000 daga doron ƙasa, su kuma su dawo da su kan faɗin ƙasar gaba ɗaya. Wata 'yar ƙaramar eriya a rufin mota ce ke karɓa.

Da yake dogayen gine-gine da gadoji kan tare siginar, kamfanin ya kafa ɗaruruwan na'urorin maimaita sigina a manyan birane. Kowane akwati yana da lambarsa ta musamman. Idan mai shi ya biya, sai a buɗe masa daga nesa. Idan kuɗinsa ya ƙare, sai a rufe. Nan ne bambancin yake da rediyon da aka saba da shi, wanda ba ya sanin ko wane ne ke sauraronsa.

Yadda aka faro

A watan Afrilun 1997 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta yi gwanjon lasisi biyu kacal na wannan sabuwar harka. Kamfanonin da daga baya aka sani da XM da Sirius ne suka saya, kowanne a kan fiye da dala miliyan 80. XM ya fara aiki a watan Satumbar 2001 a kan dala 9.99 a wata, Sirius ya biyo baya a Fabrairun 2002 a kan dala 12.95.

Gasar da ta biyo baya ta ci dukiya mai yawa. A 2004 Sirius ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 500 ta shekara biyar da Howard Stern, mai gabatar da shirin safe da ya fi kowa suna a lokacin. XM ya sayi damar watsa wasannin ƙwallon gora na babbar gasar ƙasar a kan dala miliyan 650, sannan ya ɗauko Oprah Winfrey a 2006. Masu rajista sun ƙaru da miliyoyi, amma babu kamfanin da ya ga riba. A ƙarshe suka nemi haɗewa a 2007, hukumomi suka amince a watan Yulin 2008.

Haɗewar ba ta kawo sauƙi nan take ba. Ta zo ne daidai da lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, cinikin sababbin motoci ya faɗi. A Fabrairun 2009 sabon kamfanin yana gab da durƙushewa saboda bashi, sai kamfanin Liberty Media na attajiri John Malone ya ba shi rancen dala miliyan 530, ya karɓi kashi 40 cikin 100 na hannun jari. Bayan wannan ceto ne harkar ta tsaya da ƙafarta.

Abin da mai saurare ke saya

Abu na farko shi ne nisan zango. Daga New York zuwa Los Angeles tafiyar kusan kilomita 4,500 ce a mota, kuma a tsakani akwai hamada da filayen noma inda tashoshi ba su da yawa. Direban babbar mota da ke kwana a hanya yana iya bin tasha guda daga wannan gaɓar teku zuwa waccan ba tare da ya taɓa akwatinsa ba. Shi ya sa kamfanin ya keɓe tasha sukutum domin direbobin manyan motoci.

Na biyu shi ne kuɓuta daga talla. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tashar kasuwanci da ake kira ta kyauta tana rayuwa ne da kuɗin masu talla, abin da take sayar musu kuwa shi ne kunnen mai saurare, kuma tallace-tallacen sukan haura minti goma a cikin sa'a guda. Mai saurare bai fitar da kuɗi ba, amma ya biya da lokacinsa. A yawancin tsare-tsaren SiriusXM, tashoshin kiɗa ba sa sa talla, ko da yake na labarai da wasanni da tattaunawa suna sakawa.

Na uku shi ne yawan zaɓi. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar adadin tashoshin da kamfani guda zai iya mallaka a faɗin Amurka. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi kusan 1,200. Masu suka sun yi ta ƙorafin cewa tashoshin garuruwa daban-daban sun koma kaɗa waƙoƙi iri ɗaya, wani lokaci ma da muryar mai gabatarwa da aka naɗa a wani gari mai nisa. Rediyon tauraro ya shigo ta wannan ɓaraka da tashoshi sama da 150, kowace da irin kiɗanta ko fanninta. Salon kiɗan da masoyansa ba su kai yawan da za su riƙe tasha a gari guda ba, idan aka tattara su daga duk ƙasar sai su isa.

Na huɗu shi ne abin da ba a samu a wani wuri. Dokar FCC ta hana tashoshin AM da FM watsa kalaman da ba su dace ba daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, amma wannan doka ba ta hau kan rediyon da ake biya ba. Stern, wanda tashoshin da ke ɗauke da shirinsa suka sha tara saboda kalamansa, ya koma Sirius a Janairun 2006, kuma ɗimbin masu sauraronsa suka bi shi. Wasu na ganin wannan 'yanci ne, wasu iyaye kuma na ganin dalili ne na toshe irin waɗannan tashoshi, abin da tsarin ya ba da damar yi.

Mawaƙa ma suna da ruwa da tsaki a lamarin. A dokar Amurka, tashoshin AM da FM suna biyan marubutan waƙa, amma ba sa biyan wanda ya rera ta ko kamfanin da ya naɗe ta. Rediyon tauraro yana biya, kuma tun 2018 an ƙayyade masa kashi 15.5 cikin 100 na kuɗin shigarsa. Wani ɓangare na kuɗin watan mai saurare can yake tafiya.

Mota ce kasuwar

Sirrin ɗorewar harkar yana cikin mota. Tun farko kamfanonin General Motors da Honda sun zuba jari a XM, Ford da Chrysler kuma suka haɗa kai da Sirius. A yau mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a Amurka suna fitowa ne daga masana'anta da akwatin a jikinsu. Mai sayen mota yakan samu watanni na gwaji kyauta, kunnensa ya saba, sannan a nemi ya fara biya. Bai sayi wata na'ura ba, bai haɗa wata waya ba.

Wannan tsari ya jawo ƙorafi ta wani ɓangaren. Kuɗin yakan ci gaba da fita daga katin mutum har sai shi da kansa ya dakatar, kuma masu rajista da dama sun koka cewa fita ta fi shiga wuya. A Disambar 2023 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai kamfanin kotu a kan haka, kuma a Nuwambar 2024 alƙali ya yanke cewa hanyar soke rajistar ta saɓa wa dokar tarayya da ta ce dole a sauƙaƙa ta.

Abin da tauraro ba ya bayarwa

Ƙarfin rediyon tauraro shi ne kuma rauninsa: abin da mutumin Texas ke ji, shi mutumin Ohio ke ji. Ba shi da labarin zaman majalisar gari, ko rufe makaranta saboda ƙanƙara, ko gadar da ta karye a ƙauye. Ƙa'idar lasisinsa ma ta hana na'urorinsa na ƙasa ƙirƙirar shirin da ya keɓanta da wani yanki, sharaɗin da masu tashoshin gida suka dage a kai.

Ranar masifa ake gane darajar tashar gida. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a 2005, tashar WWL ta zangon AM ta ci gaba da aiki, ta zama inda jama'a ke jin labarin ceto da neman 'yan'uwa. Haka aka sake gani a yammacin jihar North Carolina a Satumbar 2024, sa'ad da guguwar Helene ta katse lantarki da layukan waya, mutane suka koma ga akwatin batir. Wannan ne ya sa, da wasu masu ƙera motocin lantarki suka fara cire zangon AM daga motocinsu, 'yan majalisa daga jam'iyyu biyu suka gabatar da ƙudurin hana hakan a 2023. Har yanzu fiye da kashi 80 cikin 100 na Amurkawa na sauraron rediyon AM ko FM a kowane mako.

Sai dai yawan masu saurare bai hana tashoshin gida shiga matsi ba, domin kuɗin talla ya karkata zuwa intanet. Manyan masu tashoshi uku, Cumulus a 2017, iHeartMedia a 2018 da Audacy a 2024, duk sun nemi kariyar kotu saboda bashi.

Gwajin da aka yi a Afirka

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Afirka ta riga Amurka jin rediyon tauraro. Noah Samara, lauya haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace a 1990 da burin isar da ilimi da labarai, musamman kan cutar ƙanjamau, ga al'ummomin da ke nesa. An harba tauraronsa AfriStar a Oktobar 1998, ya fara watsa shirye-shirye a 1999, tauraron AsiaStar ya biyo baya a 2000.

Akwatunan farko sun kai ɗaruruwan daloli, daga baya kuma aka ɗora kuɗin wata. Babu masana'antun mota da za su raba akwatin kamar yadda aka yi a Amurka. Masu rajistar ba su kai 200,000 ba, yawancinsu ma a Indiya suke, kuma a Oktobar 2008 kamfanin ya durƙushe.

Darasin a bayyane yake ga mai sauraren Hausa. Nisan zangon da WorldSpace ke sayarwa, gajeren zango ya daɗe yana bayar da shi kyauta: Sashen Hausa na BBC yana kai wa ƙauyuka tun 1957, gidan rediyon Kaduna kuma tun 1962, da akwati mai araha da batir biyu. Sannan a daidai wannan lokaci ne aka buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu a Najeriya, bayan kafa hukumar NBC a 1992 da fara aikin Raypower a 1994, tashoshin FM suka yawaita suna magana da harshen gida kan matsalolin gida.

Inda aka dosa

A yau babban abokin hamayyar SiriusXM shi ne wayar salula. Manhajoji irin su Spotify da Apple Music suna haɗuwa da mota kai tsaye, su bar mutum ya zaɓi waƙar da yake so a lokacin da yake so. Yawan masu rajistar kamfanin ya kai ƙololuwa, kusan miliyan 35, a 2019, daga nan ya fara raguwa sannu a hankali. A wannan shekara ce ya sayi manhajar kiɗa ta Pandora a kan dala biliyan 3.5, kuma yanzu shi ma yana watsa tashoshinsa ta intanet.

Ga direban da ke shafe sa'o'i a hanyar da babu siginar waya, kuɗin watan yana biyan kansa. Ga wanda tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis a cikin gari, lissafin ya bambanta. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Amma kowace mota mai akwatin tauraro tana ɗauke da FM a gefensa, kuma can mai ita ke murɗawa idan yana son jin abin da ke faruwa a garinsu.