Majinyaci Na Da Ta Cewa A Gidan Likita

Akwai wata magana da ma'aikatan lafiya suke yawan yi yanzu, wai a sa majinyaci a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da wannan tsari a babban taronta na shekarar 2016. To, mece ce ma'anarsa?

Ma'anarsa ita ce likita ya dubi mutum dukansa, ba ciwonsa kaɗai ba. Ya gaishe shi, ya saurare shi har ya gama, ya yi masa bayani da harshen da yake ji, ya kuma rufa masa asiri. Sa'an nan su yanke shawara tare. Likita ya san magani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Majinyaci ne ya san nisan garinsu da abin da ya rage a rumbunsa. Mace ce ta san ko mai gida zai bar ta ta dawo.

Mutanen Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba su manta da shekarar 2005 ba, lokacin da yunwa ta biyo bayan fari da fara. A da, yaron da tamowa ta kama sosai sai a kwantar da shi wajen wata guda, uwarsa na zaune tare da shi. Wa zai dafa wa sauran ƴaƴanta? Wa zai nome mata gamana? Mata da yawa sukan goya ɗansu su tafi tun bai warke ba, a ce sun cika taurin kai. Ni a ganina ba taurin kai ba ne, tsarin ne bai dubi halin da suke ciki ba.

A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta bi wata hanya. Idan yaro yana cin abinci kuma ba shi da wani ciwo mai tsanani, sai a ba uwarsa abincin magani na mako guda ta tafi gida. Ana yin sa da gyaɗa da madara da sukari da mai, ba ya bukatar ruwa ko wuta. Kowane mako ta dawo a auna yaron. Yara fiye da 60,000 aka yi wa magani a Nijar a 2005, akasarinsu suna kwana a ɗakin uwayensu. Masu ciwo mai nauyi kaɗai aka kwantar.

Daga baya, a Mirya ta jahar Damagaram, aka koya wa uwaye auna dantsen ƴaƴansu da ɗan ma'auni mai launi uku: kore, rawaya da ja. Aka tarar sun iya. Uwar da ta ga ja ba ta jiran kowa, sai ta kama hanyar likita. Haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin sauro na damina: ma'aikaci ya ba yaro na ranar farko, na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa. In ba a yi mata bayani ta gane ba, maganin zai ƙare a cikin kwalla.

Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma ba kuɗi kaɗai ke hana zuwa likita ba. Matar da aka daka wa tsawa a gaban jama'a, da wuya ta sake komawa. Su ma ma'aikata a yi musu adalci, sau da yawa mutum ɗaya ne ke duba dogon layi, ga ƙarancin magani.

Kai ma majinyaci akwai naka. Ka zo da katinka. Ka faɗi ranar da ciwon ya fara. In ka sha saiwa ko maganin ƴan tebur, kada ka ɓoye. Kafin ka tashi, ka tambaya: Mene ne ciwona? Sau nawa zan sha maganin, har kwana nawa? Wace alama zan gani in dawo da gaggawa? In kuwa an wulaƙanta ka, akwai kwamitin lafiya da ke kula da gidan likitan, wanda mutanen gari ke ciki. Ka nemi wakilin garinku ka kai masa kuka.