Matsalar Ƙiyasta Shekarun Kibiyoyin Ado da Ake Tonowa a Birnin Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda za a gane tsofaffin kibiyoyin kitso da sauran tsinkunan ado na ƙarfe, waɗanda magina kan ci karo da su in suna haƙar harsashi a cikin birni, da kuma iyakar abin da za a iya faɗa game da shekarunsu. Ra'ayinmu shi ne, kamannin kibiya kaɗai ba shi isa hujja, domin maƙeran fari gadon ƙira suke yi. Siffar da kaka ya fitar ita jika zai maimaita.

Abin da ƙarfen kansa ke iya nunawa shi ne lokacin da abu ba zai girme shi ba. Alal misali, tsinken da ke da marfi da lanƙwasa irin na fil ba zai wuce 1849 ba, shekarar da Walter Hunt ya yi rajistar wannan ƙira a Amurka. Haka nan tagullar da awo ya nuna tutiyar cikinta ta haura kashi 33 cikin 100, galibi ta masana'antun Turai ce ta ƙarni na 19 zuwa sama. Azurfa kuwa ta fi rikitarwa. Maƙera sun daɗe suna narka liyari, watau kuɗin Mariya Tareza, wani lokaci ma su liƙa shi ɗungum a jikin ado. Mai gani sai ya karanta 1780 ya ɗauka ya gama bincike, alhali duk liyarin da aka buga bayan rasuwar sarauniyar, har cikin ƙarni na 20, wannan shekara aka ci gaba da sa masa.

Saboda haka dole mu koma ga ƙasar da abin ya kwanta a ciki. Awon kabon ba ya aiki a kan tagulla ko azurfa, sai a kan gawayi ko ƙashin da ke tare da su. Ta gawayi ne aka gane cewa ana narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. A Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina ma, inda aka yi tono a 1992, 'yan kunnen zinariya da mundayen da aka samu sun sami gurbi a tarihi, tsakanin ƙarni na 13 da na 16, domin an tarar da su a kaburbura yadda aka binne su, har da kwanon tagulla mai rubutun Larabci.

To, a nan ne Kano ke da tata matsalar. Birni ne na ginin ƙasa: a haƙi kududdufi a yi tubali, gida ya rushe a sake kwaɓa ƙasarsa, a ɗebi jikin ganuwa a yi ciko. Ta haka kibiyar zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) tana iya hawowa sama, ta bara kuma ta nutse ƙasa. Zurfi, wanda a wani wuri ma'auni ne, a unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi sai an yi taka-tsantsan da shi ƙwarai.

Abin takaici, mai tsintuwa yakan fara da goge tsatsa da toka da lemun tsami, daga nan sai zauren maƙeri. Mun fi son malamai su koya wa ɗalibansu barin abin da tsatsarsa, su rubuta unguwa da zurfin rami, su haɗa da katangar tukunya ko gawayin da ke gefensa, sa'an nan su kai Gidan Makama.