Rawar Murya a Waƙa: Yadda Take Samuwa da Inda Ta Dace

Idan mawaƙi ya ja wasali ya riƙe shi na daƙiƙa biyu ko uku, mai kunnen lura yakan ji sautin yana ɗan hawa yana sauka a jere, alhali bai bar inda aka ajiye shi ba. Wannan ita ce rawar murya ta gwaninta, wadda makaɗan Turai suke kira bibrato. Ba ɗaya take da makyarkyatar mai jin tsoro ba, domin tana da ƙa'ida. A muryar da ta horu, hawa da saukar kan maimaitu sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa ɗaya, faɗinta kuma bai cika wuce tazarar maɓalli ɗaya na fiyano sama ko ƙasa ba. Carl Seashore na Jami'ar Iowa ta Amurka ya auna haka daga faya-fayen manyan mawaƙa a shekarun 1930, Johan Sundberg na ƙasar Suwidin kuma ya faɗaɗa bayanin a littafinsa na 1987 kan kimiyyar muryar waƙa. Duk da wannan kai da kawo, sauti guda kunne yake ji, wanda yake tsakiya, sai dai ya ji shi da kauri da taushi.

Tushen abin yana cikin maƙogwaro, a bayan zakaran wuya. Akwai wasu tantani guda biyu a can, tsawonsu bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba, waɗanda iskar huhu take kaɗawa su ba da sauti. A maganar yau da kullum na namiji sukan buɗe su rufe fiye da sau 100 a daƙiƙa, na mace kuwa kimanin sau 200. Wasu tsokoki suna jan tantanin su miƙe, murya ta yi sama. Wasu suna tattara su, murya ta yi ƙasa. Idan iska tana zuwa daidai wa daida kuma wuya a sake yake, wannan ja-in-ja tsakanin tsokokin yakan koma wani ɗan lilo mai tsari, shi ne ake ji a matsayin rawa. Ke nan ba ado ba ne da ake liƙa wa murya daga waje. Alama ce ta cewa numfashi ya zauna kuma maƙogwaro bai ɗaure ba, shi ya sa wanda ya nace sai ya matso ta da ƙarfi yakan ƙara nisa da ita.

Mai koyon waƙa a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya gaji wata hanyar rerawa wadda ba ta dogara da wannan rawa ba. Ƙasar Zamfara gidan makaɗan fada ce. Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi, daga Rawayya ta ƙasar Bunguɗu ya fito. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da kotso suka yi suna. Wanda ya kasa kunne ga waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu zai ji inda ƙarfin irin wannan waƙa yake: jagora yana zuba magana gaɓa bayan gaɓa, 'yan amshi suna karɓa suna ƙarawa, kowace kalma tana fita tangaran. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nazarin wannan tsari na gindin waƙa da ɗiyanta da amshi da rauji. A cikin irin wannan zubi da wuya a sami wasalin da aka riƙe har rawa ta sami wurin zama. Akwai kuma dalili na harshe. Hausa tana bambanta ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, don haka murya mai yawan lilo a tsakiyar kalma tana iya dagula abin da ake faɗa, kuma mai sauraron Bahaushe magana yake fara bi kafin daɗin murya.

Inda ja da riƙo suka yawaita shi ne waƙoƙin bege, da na ɗaliban Islamiyya, da waƙoƙin fim waɗanda suka sha ruwan kiɗan Indiya da na Larabawa. A nan ne matasa suke rikita abu biyu. Lanƙwasa murya, irin wadda ake ji a bakin Lata Mangeshkar ko Ummu Kulsum, tafiya ce da gangan daga sauti zuwa sauti a kan wasali ɗaya, mawaƙi ya san kowane mataki da ya taka. Rawa kuwa a kan sauti ɗaya take faruwa. Ana koyon lanƙwasa ta hanyar rage gudu da maimaitawa, rawa kuma sai an share mata hanya ta zo. Situdiyo ta ƙara ruɗa lissafin, domin tun fitowar manhajar Auto-Tune a 1997 ana iya goge murya a kwamfuta, har a sa mata rawar da mai ita bai taɓa yi ba. Yaron da yake kwaikwayon abin da ya ji a waya sau da yawa na'ura yake kwaikwayo bai sani ba. Makaranta Alƙur'ani kuma nasu hukuncin daban ne: malaman tajwidi, har da Suyuɗi a cikin littafinsa Itƙan, sun lissafa karkaɗa murya da gangan, wato tar'idi, cikin abubuwan da aka ƙi a ƙira'a.

Rawar jabu tana da sauƙin ganewa, wani lokaci da ido ma. Wani haɓarsa ce take karkarwa a kan kowane dogon wasali. Wani cikinsa yake bugawa, sautin yana fita guntu-guntu, ƙarfinsa ne yake hawa da sauka maimakon tsayinsa. Wani har yatsa yake ɗorawa a zakaran wuya yana girgizawa. Idan rawar ta yi sauri ainun, ta kai 8 ko fiye a daƙiƙa, takan fita kamar kukan akuya, kuma galibi ɗaurewar wuya ce ta jawo. Idan ta yi nawa ta kuma yi faɗi, ƙasa da 4 ko 5, sai a kasa gane sautin da mawaƙi yake nufi. Wannan yakan zo da gajiya, ko tura murya fiye da ƙarfinta, ko tsufa.

Horo daga numfashi yake farawa. Mai koyo ya tsaya ya ɗora tafin hannu a gefen haƙarƙarinsa na ƙasa, ya shaƙi iska har ya ji wurin ya buɗe, kafaɗu ba su ɗaga ba. Sai ya sake ta a hankali da sautin "sss", yana lura kada ta fita da ƙarfi da farko ta mutu a ƙarshe. Idan wannan ya zauna, sai ya ɗauki sauti ɗaya a tsakiyar muryarsa, inda ba ya wahala, ya riƙe "aa" ko "uu" miƙaƙƙe na daƙiƙa biyar ko shida a gaban madubi. Madubin yana da amfani ƙwarai, domin shi zai nuna jijiyoyin wuya idan sun tashi, da muƙamuƙi idan ya ƙage, da gira idan ta haɗe. Harshe ya kwanta, kansa yana taɓa bayan haƙoran ƙasa. Wanda ba ya iya riƙe miƙaƙƙen sauti mai tsabta bai kai ga maganar rawa ba tukuna.

Bayan haka akwai atisayen da suke sassauta maƙogwaro. Rerawa da baki rufe har a ji leɓe da hanci suna zirr, da karkaɗa leɓɓa irin na yaro mai wasan mota ana hawa ana sauka, da rerawa ta cikin siririn bututun shan lemo, wanda masanin murya Ingo Titze ya yayata. Dukansu suna tare iska kaɗan a bakin ƙofa, nauyin da yake kan tantanin murya ya ragu. Sannan a zaɓi sautuka biyu maƙwabta a riƙa zirga-zirga tsakaninsu, da nawa da farko, ana ƙara gudu, daga ƙarshe a saki a tsaya a kan ɗaya. Malaman waƙa sun saɓa a kan wannan na ƙarshe, wasu suna ganin yana koyar da jabu. Ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin ɗanɗano kawai, mai nuna wa maƙogwaro yadda motsin yake. Wani atisaye mai kyau shi ne fara sauti a hankali, a ƙara masa ƙarfi, a sake rage shi. Sau da yawa a wajen ragewar ne rawar gaskiya take fara leƙowa, na ɗan lokaci, ta ɓace. Minti goma ko sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, kuma a ɗauki murya a waya a saurara, domin abin da mawaƙi yake ji a cikin kansa ba shi mutane suke ji ba. Wani cikin makonni rawar take zo masa, wani sai ya yi watanni.

Idan ta samu, wurinta a waƙar Hausa shi ne ƙarshen layi, a kan dogon wasali, bayan kalma ta riga ta fita an fahimce ta. Gwanaye sukan fara sautin a miƙe, sai can wajen wutsiyarsa su bar shi ya yi rawa. 'Yan amshi kuwa gara su miƙe muryoyinsu, domin mutum huɗu ko biyar kowa da gudun rawarsa ba sa haɗuwa su zama murya ɗaya.

Yanayin Zamfara yana da nasa haraji a kan murya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan busar da maƙoshi da ƙura, tantanin da ya bushe kuma ba ya motsi yadda ya kamata. Shan ruwa a kai a kai da turara fuska da tururin ruwan zafi suna taimakawa. Zuma da citta da kanumfari suna sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin murya. Hayaƙin taba da na itace, da kwanciya da cikakken ciki, da ƙwala murya a taron biki ba lasifika, duk suna dishe ta. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake nema a manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Haka ma muryar da take karkarwa ko a cikin magana, mai ita bai so ba, wannan larura ce ta jijiyoyi da likita zai duba.