Duwatsun Kurfi da Dutsin-Ma: daga ina suka fito?

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya san su. Wasu mulmulallu ne, sun tashi su kaɗai a tsakiyar gonakin gero da dawa, wasu kuma tarin manyan curarru ne, wani bisa wani. Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne. Sauran yana shimfiɗe ƙarƙashin gonakin, ya ratsa tsakiya da kudancin Jihar Katsina har Zariya da yammacin Kano.

Masana ilimin duwatsu suna kiran wannan iri giranit, kuma sun auna shekarunsa sun kai kusan miliyan 600. A wancan zamani manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo, dutse ya narke can cikin ƙasa, zurfin kilomitoci da dama, sannan ya huce sannu a hankali. Jinkirin hucewar ne ya ba ƙwayoyinsa damar girma. Ɗauki gutsure ɗaya a wurin masu fasa tsakuwa ka duba: ga fari mai ƙyalli, ga jaja-jaja, ga ɗigo-ɗigon baƙi.

Karon nan shi ya haɗe Afirka, Amurka ta Kudu, Indiya, Ostireliya da Antatika suka zama dunƙulalliyar nahiya guda, Gondwana. Shi ya sa ake samun 'yan'uwan duwatsunmu a arewa maso gabashin Birazil. Har a yankin Dronning Maud na Antatika akwai tsaunukan da suka leƙo ta cikin ƙanƙara, wasunsu sa'o'in namu ne. Can ƙanƙara ce ke sassaƙa dutse, ta bar shi da tsini. Nan kuwa aikin ruwa ne da zafi.

Ruwan damina yakan bi tsagar dutse ya shiga, ya riƙa ruɓar da shi tun yana binne. Jajayen ƙwayoyin su rikiɗe su zama yumɓu, farare masu taurin kai su zama rairayi. Inda tsaga ta yi yawa, ruɓewar takan yi zurfi. Inda dutsen yake curi guda ba kafa, sai ya tsira. Da zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen, tsirarren ya bayyana a fili, nauyin da ke danne shi ya tafi, sai bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Rairayin kuwa rafuka ke jansa zuwa kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi madatsar Zobe a 1983.

A ganina, wanda ya fi kowa bukatar sanin wannan shi ne mai shirin haƙa rijiya. Lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana kwance ne a ruɓaɓɓen sashen da ke samansa da kuma cikin tsagogi. Saboda haka maƙwabta biyu za su iya haƙa burtsatse kusa da juna, ɗaya ya samu ruwa har bazara, ɗaya injin ya yi ta tayar da farar ƙura. Wasu na ƙyashin kuɗin masu awon ƙasa kafin haƙa, alhali bai kai kuɗin busasshen rami ɗaya ba.