LINUX: Mafita Ga Masu Tsofaffin Kwamfutoci A Aliero Da Kewaye

Daga Wakilinmu

A ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a ofisoshi da makarantun ƙasar nan. Ma'anar wannan ita ce, kamfanin ya daina aiko da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, in ban da ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi.

Ko da yake labarin daga nesa ya fito, ya shafi ɗalibin da ya baro Kashin Zama ko Jega ko Maiyama don karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, kamar yadda ya shafi akawun da ke buga takardu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Sau da yawa kwamfutar da aljihunsu ke iya ɗauka ta gwanjo ce. Ita kuwa Windows 11, wadda ta gaji ta farko, tana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Saboda haka mai irin wannan kwamfuta, ko dai ya ci gaba da aiki ƙofa a buɗe, ko ya sayar da buhunan albasa ya sayi sabuwa, ko kuma ya sauya manhaja. A nan ne maganar Linux ta shigo.

ASALINTA

A ranar 25 ga Agusta, 1991, kwana biyu kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya sanar da cewa yana rubuta wata manhaja don sha'awar kansa. Aikin nasa ya haɗu da na ƙungiyar GNU, wanda Richard Stallman ya fara a 1983, aka sami cikakkiyar manhaja wadda kowa ke da izinin kwafa, da duba yadda aka rubuta ta, da gyara ta, da raba ta. A yau ita ce ƙashin bayan Android da ke cikin wayoyin jama'a, kuma tun daga 2017 dukan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

RANAR FARKO

Linux iri-iri ce. Waɗanda aka fi ba sabon shiga shawara a kansu su ne Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, da kuma Linux Mint. Akan zuba manhajar a kan filashi, a tayar da kwamfuta da shi, mutum ya gwada ta ba tare da ya taɓa abin da ke cikin na'urarsa ba. In ta yi masa, sai ya girka; in ba ta yi ba, ya zare filashinsa.

Abin da ya kan fara ba mutum mamaki shi ne yadda na'urar da ya fid da rai da ita ke farfaɗowa, domin Linux Mint na iya tashi da gigabait 2 na ma'ajiyar aiki, alhali Windows 11 ba ta karɓar ƙasa da 4. Bugu da ƙari, zai tarar da LibreOffice a ciki, mai buga wasiƙa da jadawalin lissafi, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Akwai kuma tsarin bugun Hausa mai ɗauke da haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Ba kuɗin lasisi, ba kuma zuwa kasuwa neman manhajar sata, wadda ita kanta hanya ce ta shigowar cuta cikin kwamfuta.

To, amma fa ba a rasa ƙaya a hanya. Sauke Linux Mint na cin kusan gigabait 3 na data, shi ya sa ya fi kyau mutum ɗaya ya sauke, filashin ya zagaya. Wata firintar ko na'urar kama intanet ta kan ƙi aiki sai an nemo mata manhajarta. Ɗalibin injiniya da aka wajabta wa AutoCAD, ko mai zane da Photoshop, zai tarar ba a yi su don Linux ba. Irin wannan ya fi dacewa ya raba kwamfutarsa gida biyu, ya ajiye manhajojin duka. Kafin kome kuwa, wajibi ne mutum ya kwafe takardunsa zuwa wani wuri.

DARASI GA HUKUMOMI

Nijeriya ta taɓa gwada wannan hanya. A 2007 an yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta masu ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa ana shirin goge ta a sa Windows. A Jamus ma, birnin Munich ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000 kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Duk da haka, a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta wannan ƙasa ta ba da sanarwar sauya kwamfutocinta kimanin 30,000.

Abin lura a nan shi ne, samun manhaja kyauta ba ya ɗauke nauyin horar da ma'aikata da samar da masu gyara a kusa. Wannan kuwa aiki ne da ya dace da jami'ar da ke Aliero. In ɗalibanta masu nazarin kwamfuta suka ƙware a kan Linux, ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama za su sami waɗanda za su raya tsofaffin na'urorin da ke jibge a ofisoshi da makarantu, kuɗin sayen sababbi kuwa a juya shi ga wata bukatar.