Matsalar Kiyaye Lokaci Wajen Sarrafa Zirin Fitilun LED Masu Adireshi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ake sarrafa zirin fitilun nan na LED masu launi-launi, waɗanda akan ce da su masu adireshi, ta yin amfani da ƙaramar na'urar sarrafawa irin su Arduino. Za mu taƙaita bayaninmu a kan samfurin WS2812B na kamfanin Worldsemi da ke ƙasar Sin, wanda kamfanin Adafruit na Amurka ke sayar da irinsa da sunan NeoPixel. Abin da muke son nunawa shi ne, galibin wahalar aikin nan daga kiyaye lokaci take tasowa, kuma ita ya kamata a fara aunawa kafin a zaɓi na'ura.

Yadda Saƙo Ke Tafiya

Sunan nan na masu adireshi yana da ɗan ruɗarwa, domin babu fitilar da ke da wata lamba tata ta kanta. Kowace ƙwaya tana ɗauke da 'yan fitilu uku, kore da ja da shuɗi, tare da ɗan guntun da'ira mai karɓar saƙo. Idan saƙo ya iso, ƙwayar farko takan cire bit 24 na farko, watau bit 8 ga kowane launi, sa'an nan ta miƙa ragowar ga ta gaba da ita. Ashe ke nan matsayin ƙwaya a cikin jeri shi ne adireshinta. Wannan ne dalilin da ya sa in ƙwaya ɗaya ta mutu, dukan waɗanda ke bayanta sukan daina amsawa, abin da aka yi ƙoƙarin magancewa a samfurin WS2813 ta ƙara wayar saƙo ta biyu.

To, waya ɗaya tak ce ke ɗaukar saƙon, babu wata wayar agogo da za ta gaya wa ƙwaya lokacin da za ta karanta. Saboda haka tsawon bugun lantarki shi ke bambanta sifiri da ɗaya. Kowane bit yakan ci maikurosakan 1.25 (maikurosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan). In bugun ya daɗe kamar 0.4, sifiri ne. In ya kai 0.8, ɗaya ne; kuskuren da aka yarda da shi kuwa bai wuce 0.15 ba. Idan wayar ta yi shiru na maikurosakan 50, ko fiye da 280 a sababbin ƙwayoyi, sai kowace ta ɗauka saƙo ya ƙare, ta nuna launin da ke hannunta.

Bari mu gwada wannan da Arduino Uno, wadda agogonta ke bugawa sau miliyan 16 a sakan. Bugu 20 kaɗai take da shi domin kowane bit, kuskuren da aka yarje mata kuma bugu biyu ne da 'yan kai. Umarnin digitalWrite da aka saba koya wa ɗalibai ya fi bit guda ɗungurungum daɗewa, don haka ba shi da amfani a nan. Shi ya sa tarin umarni irin su FastLED da Adafruit NeoPixel suke ƙidaya bugun agogo ɗaya bayan ɗaya, suna kuma hana duk wani aiki katse na'urar har saƙo ya fita.

Nan fa gizo ke saƙar. Zirin mita 5 mai ƙwaya 60 a kowace mita yana da ƙwaya 300, kowace na cin maikurosakan 30, jimla kashi 9 cikin dubu na sakan. A tsawon wannan lokaci na'urar ta kurumce. Ƙidayar lokacinta, wadda ake sabuntawa kimanin sau dubu a sakan, takan yi baya. Haruffan da ke shigowa daga wata na'ura kuma, ko da a gudun bit 9,600 a sakan ne, wasu sukan salwanta. Har ila yau launukan ƙwaya 300 za su cinye bayit 900 daga cikin 2,048 da Uno ke da su. A ganinmu, duk aikin da zai haɗa dogon ziri da karɓar umarni daga waje bai dace da Uno ba, ko da yake don koyarwa da ƙwaya talatin ko sittin ba ta da laifi.

Mafita iri biyu ce. Ta farko, a ɗora wa wani sashen na'ura dabam nauyin ƙidayar. ESP32 ta kamfanin Espressif, wadda ta fito a 2016, tana da sashen RMT, wanda asalinsa domin saƙon rimot aka yi shi, amma ya zo daidai da wannan bukata. Raspberry Pi Pico ta 2021 kuwa tana da sashen PIO. Sai dai dukansu biyu da bolt 3.3 suke aiki, alhali ziri mai bolt 5 yana neman saƙon da ya kai kashi 70 cikin ɗari na wutarsa, watau 3.5. Sau da yawa yakan yi aiki haka nan a kan teburin gwaji, sa'an nan ya riƙa ƙyaftawa in waya ta yi tsawo. Maganinsa a sa guntun 74AHCT125 a tsakani domin ya ɗaga saƙon. Mafita ta biyu ita ce a sauya zirin, a ɗauki APA102 mai wayar agogo dabam, wanda ba ruwansa da jinkirin na'ura, illa dai ya fi tsada.

Batun Wuta

Ba za mu tsawaita a nan ba, amma akwai hatsari. Ƙwaya ɗaya mai nuna fari sosai takan ja har mili'amfiya 60, watau ƙwaya 300 na iya neman amfiya 18, alhali kafar USB ta kwamfuta irin ta da rabin amfiya take bayarwa. Lalle ne zirin ya sami wutarsa dabam, a haɗa wayar ƙasarsa da ta na'ura, a kuma shigar da wutar ta baki biyu, in ba haka ba farin da ke can ƙarshe sai ya koma ja-ja. Akan kuma sa kafasita mai maikurofarad 1,000 a bakin wuta, da rizista mai om 300 zuwa 500 a kan wayar saƙo, dab da ƙwayar farko.